Yadda Ake Koya wa Tsohuwar Kwamfuta Sabon Harshe

Wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal ya san irin shagunan nan da ake buga takardu: injin fotokwafi, firinta, sai kwamfuta ɗaya ko biyu, yawanci na gwanjo da aka sauke a Legas ko Kano bayan sun gama aikinsu a ofisoshin Turai. Da yawansu Windows 7 suke ɗauke da ita, wasu ma har yau XP. A makarantu kuwa akan tarar da irinsu a jere cikin ɗakin da aka kulle, ƙurar hunturu ta yi musu bargo.

Sai yaro mai himma ya ji labarin Python a waya, ya sayi data, ya sauke sabuwar siga, ya kai ta kan kwamfutar shagon yayansa. Ya danna, ta ƙi. Ya sake dannawa, ta fito masa da saƙon da bai gane ba. Daga nan ya yanke hukunci cewa kwamfutar ta zama bola, shi kuma koyon rubuta manhaja ba na irinsa ba ne. Duka biyun kuskure ne, kuma rashin bayani ne ya jawo su.

Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, lambobin injinta kawai ta sani. Harsuna irin su Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, da Perl na 1987, da PHP na 1995, an yi su ne don mutum ya rubuta umarni yadda zai iya karantawa. Tsakanin rubutun mutum da injin akwai wata manhaja da ke karanta umarnin tana aiwatarwa nan take. Ita ce tafinta. Tafintar nan kuwa ita ma rubuta ta aka yi, da harshen C, kuma tana samuwa iri biyu: ko dai wadda aka riga aka harhaɗa, sai ka danna ta zauna, ko kuwa rubutunta na asali, wanda sai ka harhaɗa da kanka. Kamar riga ce ɗinkakkiya ta kanti da yadin da za ka kai wa tela: ta kanti an ɗinka ta ne a kan jikin mutanen da ake sa ran za su saya, yadi kuwa a jikinka za a gwada.

Abin da ya sa ɗinkakkiyar ta ƙi shiga shi ne masu yin ta sun daina auna tsofaffin injuna. Microsoft ya janye kulawarsa daga XP a watan Afrilun 2014, daga Windows 7 kuma a Janairun 2020, masu kula da Python su ma suka bi sahu. Siga ta 3.4 ce ta ƙarshe da ke zama a kan XP, ta 3.8 kuma ita ce ta ƙarshe a kan Windows 7. Daga 3.9 zuwa sama, tafintar tana neman wasu hidimomi a wurin babbar manhajar da Windows 7 ba ta da su. Don haka shawara ta farko mai sauƙi ce: wanda ke da Windows 7 ya nemi Python 3.8.10, wadda har yanzu tana nan a rumbun masu ita, ya tabbatar an sa wa kwamfutar Service Pack 1, ya kuma duba ko injinsa mai bit 32 ne ko 64 kafin ya ƙona datarsa. Duk abin da mai koyo ke bukata a shekararsa ta farko yana cikin wannan siga. Ba burgewa ba ce mutum ya wahalar da kansa da harhaɗawa alhali ɗinkakkiyar tana nan.

Harhaɗawa tana zama dole ne idan babu wadda ta dace, kuma an fi cin karo da haka a kan tsohuwar Linux, irin wadda akan samu a uwar garken ofis da aka kafa shekara goma da suka wuce, ko wadda aka ɗora wa tsohuwar kwamfuta don ta yi sauƙin tashi. Kayan aikin su ne maharhaɗi na harshen C, wanda aka fi sani shi ne GCC da Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, sai wata ’yar manhaja mai suna make. Idan aka sauke rubutun asali aka kwance shi, umarni na farko shi ne configure. Wannan ne awon: yana bincika injin, wane maharhaɗi ne a ciki, waɗanne ɗakunan ajiyar umarni ne ke akwai, ina za a ajiye tafintar idan an gama. Sai make, wanda ke bin fayilolin C ɗaya bayan ɗaya yana mayar da su lambobin inji. Sai make test don gwaji. Sai girkawa.

A wurin girkawar nan mutane da yawa suke yi wa kansu ɓarna. Linux kanta tana dogara da Python ɗin da ta zo da shi. CentOS 7, alal misali, da Python 2.7 take tafiyar da yum, wato manhajar da ke girka mata sauran manhajoji. Wanda ya danne tsohuwar da sabuwa ya karya ƙafar da kwamfutar ke tsaye a kai. Shi ya sa ake cewa a yi make altinstall, don sabuwar ta zauna gefe da sunanta daban, tsohuwar ta ci gaba da aikinta.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan shiru. Harhaɗawar tana iya ƙarewa lafiya, tafintar ta tashi, ta yi lissafi, amma ranar da aka ce ta ɗauko wani abu daga intanet sai ta cije. Dalili kuwa, Python daga 3.10 tana bukatar ɗakin ajiyar umarni na OpenSSL 1.1.1 ko sama da haka, ita kuwa CentOS 7 da 1.0.2 ta zo. Maharhaɗin ba ya tsayawa saboda wannan. Tsallake sashen yake yi, ya rubuta sunansa a cikin layukan ƙarshe, layukan da ba kowa ke karantawa ba. Haka yake yi idan babu zlib ko sqlite ko readline. A karanta ƙarshen rahoton, a girka abin da ya ce babu, a sake harhaɗawa.

Littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba sa maganar abubuwa uku da ke kayar da wannan aiki a wurinmu. Harhaɗawa tana sa ƙwaƙwalwar inji aiki iya ƙarfinta na tsawon lokaci, kuma a watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40. Kwamfutar da fankarta ta toshe da ƙura za ta kashe kanta a tsakiyar aiki. A buɗe ta a hure ƙurar, a yi aikin bayan Asuba ko da dare, a kuma guji zaɓin configure mai suna enable-optimizations, don yana ninka lokacin sau da yawa. Ɗaukewar wuta ba ta kai yadda ake tsoronta ba, domin make yana ci gaba ne daga inda ya tsaya. Idan dai ya fara kawo kurakuran da ba su da kai, wataƙila wani fayil ne ya yanke a rabi, sai a yi make clean a faro. Na uku ɗan batir ne kamar kwabo a kan allon injin, CR2032, mai riƙe agogo. In ya mutu, kwamfutar takan farka tana zaton shekarun baya ne. Shi kuwa make da kwanan wata yake gane abin da ya riga ya harhaɗa, takardun shaidar shafukan intanet ma da kwanan wata ake tantance su. Batirin da mai gyaran agogo ke sayarwa yakan warware matsalar da aka kwana ana zargin manhaja.

Wanda duk wannan ya yi masa nauyi ya duba Lua. Masu bincike uku ne suka ƙirƙiro ta a 1993 a wata jami’ar Katolika da ke Riyo, a Brazil, bayan shekarun da ƙasar ta yi tana takura shigo da kwamfutoci da manhajoji daga waje, abin da ya tilasta musu yin nasu kayan aikin. Da tsantsar C aka rubuta ta, girman rubutunta a matse bai kai rabin megabait ba, ana iya tura shi daga waya zuwa waya, kuma ko tsohon inji yakan harhaɗa ta cikin ɗan lokaci kaɗan. A kan Windows ma, da maharhaɗin MinGW, umarni ɗaya ne. A ganina babu abin da ya fi ta dacewa da ɗalibin da ke son ganin yadda harhaɗawa take da idonsa. Sai dai kasuwar aiki Python ta fi tambaya, wannan kuma gaskiya ce da bai kamata a ɓoye wa yaro ba.

Bayan girkawa sai saiti. A nuna wa kwamfutar inda tafintar take ta hanyar saitin da ake kira PATH, in ba haka ba za ta ce ba ta san ta ba. Mu kuma muna da namu: haruffan ɓ, ɗ da ƙ. Tsohuwar Windows takan mayar da su alamar tambaya ko shirme, don ba UTF-8 take ɗauka kai tsaye ba. A Python 3.7 zuwa sama, sa PYTHONUTF8 ya zama 1 yana gyara karatu da rubutun fayiloli, amma 3.4 ta XP ba ta da wannan, sai an faɗi UTF-8 duk lokacin da za a buɗe fayil. Wanda zai rubuta ’yar manhajar tara sakamakon jarrabawa ya gwada ta da sunan Ɗahiru da Bilƙisu tun ranar farko.

Iyakar abin kuwa a fili take. Manhajar da aka daina yi wa faci ƙofa ce a buɗe. A watan Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, ta wata kafa da ke cikin Windows ɗin da ba a sabunta ba. Python 3.8 kanta an daina gyara ta tun Oktoban 2024. Saboda haka tsohuwar kwamfuta ta koyo ce da ƙananan ayyukan cikin gida. Kada a shiga asusun banki da ita, kada a ajiye lambobin NIN na mutane a cikinta. Abin da ake bukata daga intanet a sauke shi a wata na’urar, a kawo a filas ɗin da aka tantance.

Kira ga shugabannin makarantu da sakatarorin ilimi na Boɗinga da Shagari da Yabo: kafin a rubuta cewa kwamfutocin nan sun lalace, ko a miƙa su ga ’yan gwangwan a kan kilo, a nemo ɗalibin kimiyyar kwamfuta na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo da ya dawo hutu, ko mai yi wa ƙasa hidima da aka turo, ya kunna su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta tashi a sa mata sigar da ta dace da ita, a buɗe ɗakin, a bar yara su zauna.