Ƙofofi Biyu Na Kwamfutar Aiki

'Yan'uwa ɗalibai, kwamfutar cinya da ofis ke ba ma'aikaci ƙofofi biyu gare ta, amma yawancin iyayenmu da yayyenmu ɗaya kaɗai suka sani.

Ta farko ita ce akawun na ma'aikata, wanda ake ce wa domen. Sunan mutum da kalmarsa ta sirri suna ajiye a wata babbar kwamfuta can hedkwata, alal misali Gusau ko Abuja. In ya buga su, sai tasa ta tambayi waccan ko a buɗe masa. Ta biyu kuwa akawun na cikin kwamfutar ne, ba ruwansa da intanet. A Windows, akan rubuta .\ kafin suna a shige shi, sai dai ba kowane ofis ke ba da kalmarsa ba.

To, ina amfanin sanin wannan a Anka? A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara har tsawon makonni. A irin wannan hali, wanda ya taɓa shiga kwamfutarsa a ofis ba shi da damuwa, domin Windows takan tuna mutum goma na ƙarshe da suka shiga, ta buɗe masu ko babu layi. Amma wanda aka miƙa wa sabuwa, ya taho da ita Bagega ko Bukkuyum bai gwada ba, sai dai ya zuba mata ido, aiki ya kwanta. Haka nan wanda ya manta kalmarsa. Ko an canja masa ita a hedkwata, tsohuwar kwamfutarsa ta sani, har ran da ta sake haɗuwa da babbar.