Hoton Zomo a Jikin Kwalbar Man Shafawa: Shaida ce ko Talla?

Da zarar an cire masara an tsinke auduga a yankin Funtua da Malumfashi, kuɗi sukan shigo hannu, bukukuwan aure kuma su kankama. Lokacin ne masu shagunan kayan kwalliya ke cinikin shekara, domin lefe ba ya cika sai da man shafawa, hoda, jan-baki, turare da sabulai. Yawancin kayan daga kasuwar Sabon Gari ta Kano ake saro su, wasu ƙirar gida, wasu kuwa sun ƙetaro teku. Wanda ya juya kwalba a 'yan shekarun nan zai iya cin karo da ɗan hoton zomo, a ƙarƙashinsa an rubuta da Turanci cewa ba a gwada wannan kaya a jikin dabba ba. Mai shago kan nuna shi a matsayin alamar inganci, har ya ɗora 'yan kuɗi a kai.

Me ya haɗa zomo da kwalliya? Labarin ya faro ne daga Amurka. A 1933 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da mata da dama, abin da ya taimaka wajen kafa dokar abinci da magunguna da kayan kwalliya ta 1938. A 1944 wani masani a hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, John Draize, ya fito da hanyar gwaji: a ɗaure zomo, a ɗiga masa sinadari a ido ko a shafa a fatar da aka aske, a zuba ido a ga ko zai kumbura, ya yi gyambo ko ya makance. An zaɓi zomo ne saboda ba shi da yawan hawayen da zai wanke abin da aka zuba masa. Bayan gwaji galibi kashe shi ake yi. Ga al'ummar da ta taso da hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Koke-koken jama'a sun sa ƙasashe sun fara sauyawa. Birtaniya ta daina ba da izinin irin wannan gwaji a 1998. Tarayyar Turai ta bi mataki-mataki, har a watan Maris na 2013 ta haramta sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a jikin dabba, ko da a wata ƙasa aka yi gwajin. Indiya ta biyo baya a 2014. Masana kuma sun samar da madadi: fatar ɗan Adam da ake rainon ƙwayoyinta a ɗakin gwaji, da idanun shanun da aka riga aka yanka a mayanka. Najeriya dai ba ta cikin ƙasashen da suka kafa irin wannan doka.

Sai dai rubutun da ke jikin kwalba yana da ƙofofin zillewa da yawa.

Hukumar FDA da kanta ta bayyana cewa doka ba ta fayyace ma'anar wannan iƙirari ba, don haka kowane kamfani na iya rubuta shi. Wani bai gwada man da ya gama haɗawa ba, amma sinadaran da ya saya an gwada su a wurin dillali. Wani ba ya gwaji da hannunsa, sai ya biya wani ɗakin gwaji ya yi masa. Wani kuma ya ƙara da ƙananan haruffa cewa sai inda doka ta tilasta, kuma a nan gizo ke saƙa. Ƙasar Sin ta shafe shekaru da dama ba ta barin kayan kwalliyar waje su shiga shagunanta sai an gwada su a jikin dabba. Kamfanin NARS, wanda ya yi suna da ƙin gwajin, ya sha suka a 2017 da ya amince da sharaɗin don ya shiga wannan kasuwa. A watan Mayun 2021 Sin ta sassauta wa kayan yau da kullum irin su jan-baki da sabulun gashi, amma sassaucin bai shafi rinin gashi, man kariya daga rana, man ƙara hasken fata da kayan jarirai ba. Ko a Turai ba a rufe ƙofar gaba ɗaya ba: a Nuwamban 2023 kotun Tarayyar ta yanke wa kamfanin Symrise na Jamus hukuncin cewa dole a gwada wasu sinadarai biyu na man kariya daga rana a jikin dabbobi, ƙarƙashin dokar sinadarai ta kare lafiyar ma'aikata.

Su ma hotunan zomon suna da bambanci. Tambarin Leaping Bunny, wanda aka kafa a 1996, zomo ne a cikin tsalle da taurari biyu, kuma masu shi suna bin diddigin dillalan sinadarai, suna aika masu bincike. Na ƙungiyar PETA ya fi dogara da takardar da kamfani ya sa wa hannu. Dukkansu suna da jerin sunayen kamfanoni a intanet da mai wayar hannu zai iya dubawa. Sauran zomayen kuwa, zane ne kawai da duk mai injin ɗab'i zai iya mannawa. Tambarin ma ba shaidar halal ba ne, domin kaya na iya tsira daga gwaji amma yana ɗauke da kitsen dabba ko jan launin da ake samu daga wani ƙwaro.

Ga mai saye a Bakori, Ƙafur ko Ɗanja akwai haɗarin da ya fi kusa. Man haɗi da ake kwaɓawa a bayan shago, a ɗura a roba babu suna babu lamba, gaskiya ne ba a gwada shi a jikin zomo ba. Ba a gwada shi a ko'ina ba, sai a fatar amaryar da aka shafa wa. A irin waɗannan haɗe-haɗe ake samun hydroquinone fiye da kashi 2 cikin 100 da NAFDAC ta amince, da mercury mai lalata ƙoda, da magungunan steroid masu sirantar da fata, su jawo nankarwa, su hana rauni warkewa. A farkon 2023 shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Baƙin lalle na zamani shi ma sau da yawa yana ɗauke da PPD, sinadarin nan da ke cikin Lash Lure. Kwalli ma bai tsira ba: a 2012 hukumar lafiya ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri a Boston da gubar dalma ta shiga jininsa ta hanyar kwallin da aka kai daga Najeriya, wanda aka samu fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce.

Saboda haka mai haɗa lefe ya fara da neman lambar rajistar NAFDAC, sunan kamfani da adireshinsa, jerin sinadarai da ranar lalacewa. Lambar ba ta cewa komai kan dabba, amma tana nuna akwai wanda za a iya tuhuma. Idan kuma tausayin dabba ne ya dame shi, sai ya nemi sunan kamfanin a jerin Leaping Bunny ko PETA kafin ya biya ƙarin kuɗi. Man kaɗanya, lallen gargajiya, kurkum da sabulun salo suna nan a kasuwannin yankin, matuƙar ba a cakuɗa su da komai ba. Wadda ta ga ƙuraje, ƙuna ko kumburi bayan shafa wani mai ta dakatar da shi nan take, ta tafi asibiti da robar a hannunta, sannan a kai rahoto ofishin NAFDAC na jiha da ke Katsina.