Waya da waya: wane ne mai masauki, wane ne baƙo?

Jama'a masu sauraronmu a Garwa da kewaye, makiyaya da fatake, a shirinmu na wannan mako mun taɓo abin da kan cinye muku caji ba ku ankara ba.

Wutar Garwa daga madatsar Lagdo take zuwa, a kan kogin Binuwai, kuma in rani ya yi tsanani ruwa ya ja baya, sai a shiga ɗauke-ɗauken wuta. Wanda ke ruga kuwa, da ma sai sola ko shagon caji. Ga kuɗin cinikinka a cikin waya. To, kowane ɗigon caji dukiya ne.

Duk lokacin da ka haɗa na'ura biyu da kebul na USB, ɗaya ce mai masauki, ɗaya baƙuwa. Mai masauki ita ke ba da umarni, kuma bisa al'ada ita ke ciyarwa, wato ta ba da wuta mai ƙarfin bolt 5. In ka jona waya da kwamfuta, wayar ce baƙuwa. Amma tun 2001 aka fito da tsarin OTG, wanda ya ba waya damar zama mai masauki. Filashi ba shi da batir, don haka duk wa'azi ko waƙar da kake turawa, batirinka ke biya.

A wayoyi masu tsohon baki, wadda aka maƙala wa ɗan kan OTG ita ce mai masauki. A sabon baki na USB-C kuwa, kawunan kebul iri ɗaya ne, wayoyin ke sasantawa tsakaninsu. Sai ka ga ka jona da ta abokinka a kasuwar Pitowa don karɓar hotunan shanu, ashe taka ce ke cika tasa.

Saboda haka, da ka jona, dubi alamar batir: wadda ta nuna tana caji ita ke ci. A yawancin wayoyin Android, ja allon daga sama ka taɓa sanarwar USB, za ka iya sauya wa. Kada ka cire filashi ana tsakiyar tura abu, yana iya lalacewa. In ka gama, zare kebul nan take.

Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya kai ku gida lafiya.