Kafin Ka Aika da Kwamfuta Gida, Duba Fitilar Madannanta

Daga Wakilinmu na Arewa, Lafiya

 Wannan mako daga Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, nake rubuto muku, kuma maganar da na zo da ita ta shafi aljihunku. A zamanin da, tsarabar mutumin kurmi ba ta wuce goro da atamfa da akwatin rediyo ba. Yanzu kuwa duk mai ɗa ko ƙane a babbar makaranta ya san saƙon da ke zuwa masa ta waya, watau a taimaka a sayo kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yara ke kira laftof, domin an ce ta fi araha a Ikko.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a gidanmu. Wani yayana da ke sana'ar kayan gwari a Ikko ya yi wata da watanni yana tari, ya shiga wata kasuwar kayan kwamfuta ya sayo wa ɗansa wata ta hannu, irin ta masu wasannin kwamfuta. Da mai kanti ya kunna ta, sai madannan haruffanta suka ɗau haske, ja da kore da shuɗi, abin gwanin ban sha'awa. Ya biya, ya ba direba ya kawo ta Lafiya. Bayan mako biyu yaron ya cire mata Windows ya sa Linux, domin da ita suke koyon darasi. Komai ya yi aiki, ban da fitilar madannai, ta mutu murus. Ya kai wa mai gyara, aka ce allon madannan ne ya lalace, aka canja wani, kuɗi suka tafi, fitila ba ta kama ba. Ashe babu abin da ya lalace tun farko. Mayar da ita ga mai kanti kuwa, tsakanin Lafiya da Ikko tafiyar yini guda ce cur a mota, kuma wa zai karɓi kayan da aka riga aka buɗe?

Me Ya Sa Ake Damuwa da Fitila?

Mai karatu zai ce, to, fitilar madannai ai ado ce. A ƙasar da ba a ɗauke wuta, haka ne. Amma a nan Lafiya kayan aiki ce. Tun da aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato ranar 1 ga Oktoba 1996, garin yake ta bunƙasa, aka kuma kafa Jami'ar Tarayya ta Lafiya a 2011, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da kwalejin aikin gona. Ɗalibai sun cika gari. Shekaru da yawa daga Akwanga ake jawo wa Lafiya wutar lantarki ta ƙaramin layi, sai a Fabrairu 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe babbar tashar rarraba wuta a Akurba. An sami sauƙi, amma duk da haka ɗalibi ba ya rasa daren da zai yi aiki cikin duhu, a ɗakin da suke su uku ko huɗu, wasu suna barci.

A irin wannan dare, wanda bai iya buga haruffa da ka ba yakan ƙure hasken fuskar kwamfuta domin ya ga madannai. Fuskar kuwa tana cikin abubuwan da suka fi shan batir. Mai fitilar madannai sai ya rage hasken fuska ya kunna 'yar fitilarsa, wadda cinta kaɗan ne, batirinsa ya ƙara nisa, idonsa kuma ya huta.

Dalilin Barin Windows

Kada a ga laifin yaron da ya sauya. Ita Windows, da Linux, kowace babbar manhaja ce, watau tsarin da ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, kamar yadda direba ke tafiyar da mota. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista ta musamman. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwa sabuwar ƙira. Galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗan ba, misali ThinkPad T470 da HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470, alhali kuwa irinsu ne talaka ke iya saye, kuma har yanzu da sauran ƙarfinsu.

Linux kyauta ce. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, masana na ƙasashe daban-daban suka yi ta ƙara mata hannu. Tana da iri-iri. Wadda ta fi suna ita ce Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fito da ita a 2004, sai kuma Linux Mint da ta biyo baya a 2006. Tsohuwar kwamfuta takan ɗauke su ba wahala. Saboda haka duk wanda ya sayi ta hannu yau, ya sa a ransa cewa wata rana mai yiwuwa a sa mata Linux.

Fitila Iri Biyu

To, ina matsalar take? Fitilar madannai ba sabon abu ba ne. Kamfanin IBM ya riga ya sa wata 'yar fitila a saman fuskar kwamfutocinsa na ThinkPad, mai hasko madannai daga sama, sa'an nan a 2003 kamfanin Apple ya fito da PowerBook G4 mai haske daga ƙarƙashin haruffa. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu, amma kowa da hanyarsa, kuma hanyoyin sun kasu gida biyu.

Kashi na farko, fitilar tana ƙarƙashin ikon wani ɗan guntu ne da ke cikin kwamfutar kanta, wanda shi ne kuma ke lura da fanka da cajin batir. Shi wannan ba ruwansa da ko Windows aka sa ko Linux, da ka danna madannin fitila sai ya kunna ta. Yawancin kwamfutocin ofis haka suke. A ThinkPad, ana danna Fn tare da dogon madannin nan na ƙasa. A Dell da HP, galibi madannin yana cikin jerin F na sama, wuri ya danganta da samfuri. Bugu da ƙari, Linux tana ɗauke da ƙananan manhajojin da masu sana'a ke kira direba, na ThinkPad da Dell da Asus da tsofaffin kwamfutocin Apple, waɗanda ke ba da damar ƙara hasken ko rage shi.

Kashi na biyu su ne masu launi-launi, irin na 'yan wasanni. Da yawansu sai da manhajar kamfani ake sarrafa haskensu, kamar Armoury Crate ta Asus, da Synapse ta Razer, da Alienware Command Center ta Dell, da PredatorSense ta Acer, kuma ba a yi waɗannan domin Linux ba. In aka cire Windows, wata fitilar takan maƙale a launi ɗaya, wata ta ƙi raguwa, wata ta ƙi kamawa sam. Wannan shi ne ya sami ɗan yayana. Fitila lafiya lau, mai ba ta umarni ne aka kora.

Gwaji a Gaban Mai Kanti

Hausawa sun ce gani ya kori ji. In za ka shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Alaba, kada ka yi cinikin biri a sama. Ga abubuwa huɗu da za ka yi kafin kuɗi su bar hannunka.

Na farko, ka tabbata akwai fitilar ma tukuna. Samfuri ɗaya yakan fito iri biyu, mai fitila da maras fitila, kuma kayan hannu sau da yawa an taɓa canja musu madannai. Nemi alamar haske a kan madanni, ka danna, ka rufa da tafin hannu ka leƙa.

Na biyu, ka ce a kashe kwamfutar a sake kunnawa, a shiga shafin saitin da ake kira BIOS, wanda ke zuwa kafin Windows ta tashi. Danna madannin fitila a nan. In ta kama, galibi alama ce cewa ba ta dogara da Windows ba, kuma za ta yi aiki a Linux.

Na uku, kuma shi ne mafi inganci, ka tafi da filashi mai ɗauke da Ubuntu ko Linux Mint. Duk yaron da ya san kwamfuta zai haɗa maka. Ana iya tayar da kwamfuta daga filashin a gwada ba tare da an goge komai ba. Gwada fitila, da sauti, da kyamara, da haɗin intanet. Ka kwantar da ita barci ka tashe ta, ka ga ko fitilar ta dawo, domin wasu a nan suke ba da matsala. Mai kantin da ya hana ka wannan gwaji na minti 10, ka yi masa sallama ka nufi na gaba.

Na huɗu, ka rubuta cikakkiyar lambar samfurin ka aika wa ɗalibin kafin ka biya. Kamfanin Canonical mai Ubuntu yana da jerin kwamfutocin da aka gwada aka tabbatar, zai iya dubawa. Ka kuma tambaye shi irin karatunsa, domin akwai manhajoji irin su AutoCAD na masu zanen gini da ba su da na Linux. Irin wannan ɗalibi sai a bar masa Windows, ko a sa duka biyun gefe da gefe.

Wanda Ya Riga Ya Saya Fa?

Kada ya yi garajen canja madannai. Ya fara sabunta Linux ɗin, domin kowane sabon fitowa yakan zo da ƙarin direbobi. Tun daga GNOME 45 ta shekarar 2023, watau fuskar da Ubuntu ke amfani da ita, an sa maɓallin fitilar madannai a kusurwar sama, in har tsarin ya gane ta. Ya kuma leƙa BIOS, domin a kwamfutocin Dell da dama akwai saitin da ke kashe fitila bayan 'yan daƙiƙoƙi, mutum ya zaci lalacewa ce. Masu launi-launi kuwa, 'yan sa kai sun rubuta musu manhajoji kyauta, kamar OpenRGB da OpenRazer da asusctl, sai dai ba kowane samfuri suke ɗauka ba. Ɗan yayana da irin wannan ya dace bayan kwana da kwanaki yana fama, amma kuɗin madannan da aka canja a banza sun tafi ke nan. In duk an gwada abin ya faskara, akwai 'yar fitila mai lanƙwasa da ake soka wa kwamfuta a gefe, kuɗinta kaɗan ne.

Shawarata dai ita ce, ɗalibin da zai yi karatu a sayo masa kwamfutar ofis mai farin haske ɗaya, a bar mai walƙiya ga masu wasa. Kun san wahalar da kuke sha a rana da ruwan saman kurmi kafin ku tara waɗannan kuɗi, bai kamata ƙyalƙyali ya cinye su ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba ku kasuwa, Ya yi wa karatun yaranmu albarka, Ya dawo da ku gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.