Kafin Bazara Ta Dafa Injin Hilux Ɗinka

Wannan kira ne ga masu Hilux da sauran akori-kura masu shan dizal, da direbobinsu, tun kafin rana ta gama buɗewa. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Sakkwato da Maiduguri da Agadas yana haura digiri 40, kuma a lokacin ne duk wata 'yar cuta da motar ta ɓoye cikin hunturu take fitowa fili. Motar da allurar zafinta ke ɗan ɗagawa a hawa yau, a ce ai ba komai, ita za a janyo da igiya a Afrilu.

Abin da ke kashe inji ba ya wuce sakaci biyu: a ga allura ta hau a ce bari a ƙarasa gari, ko a kai wa bakanike ya cire tamostat ya ce ƙasarmu zafi gare ta, ba ma bukatarsa. Wannan na biyun ya zama al'ada a gareji, kuma kuskure ne. Tamostat ƙofa ce da ke buɗewa idan ruwa ya kai wani zafi, galibi digiri 82 a injinan Toyota, lambar tana rubuce a jikinsa. A injuna da yawa, idan ya buɗe yakan toshe wata gajerar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji. Cire shi, hanyar nan ta zauna a buɗe, wani ruwan zafin ya riƙa komawa inji bai bi ta lagireto ba. Ga shi da safe injin ba ya ɗumama da wuri, shan mai ya ƙaru, fistin ya ci. Idan ana zarginsa, a jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta a ga ko zai buɗe. Bai buɗe ba, a sa sabo.

Kafin a kwance komai, a tambayi direba tambaya ɗaya: yaushe take zafin? Amsar ita ce rabin aikin. Idan a cunkoso take hawa, ko tana tsaye, amma da an hau titi allura ta sauko, iska ce ba ta wadata. Fankar waɗannan motoci tana da kulochi mai man silikon a ciki, wanda ke kama ta idan zafi ya yi yawa. A kashe mota da zafinta, a zare makulli, a juya fankar da hannu. In ta yi ta walawala babu nauyi, man ya tsiyaye. A duba fambel ma, ko ya saki.

Idan kuwa a gudu take zafi, ko da lodi a hawan Jos ko Mambila, to ruwan ne ba ya gudana yadda ya kamata, ko lagireto ya kasa sauke zafin. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da tsabar ciyawa sukan cushe tsakanin lagireto da kwandensar esi da ke gabansa, inda ido ba ya kaiwa sai an haska da tocila. Ta ciki kuma ruwan da muke zubawa ne ke toshe shi. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin ɓawo irin na gindin tukunyar mai shayi, ga tsatsa da ke cin fukafukan famfon ruwa. Kulan ba ado ba ne don launinsa, shi ke hana wannan tsatsar. Tiyon ƙasa da ya yi laushi kuma yakan motse idan an taka totur, ya shaƙe ruwan.

Murfin lagireto shi ne mafi arha cikin kayan nan, shi aka fi rainawa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya yana riƙe matsin da ke ɗaga wannan zuwa wajen 120. Robarsa ta tsage, ruwa ya riƙa tafasa yana zuba kaɗan-kaɗan, kullum ana ƙari ba a ga inda yake bi ba. Wanda ya ɗaure bakin da leda ya riga ya fara tara kuɗin gasket.

Kada a yarda da allura ita kaɗai. Idan ruwa ya zube ƙarƙaf, na'urar auna zafin ba ta cikin ruwa, allurar na iya saukowa alhali injin yana ƙonewa. Warin ƙauri, ko ƙarfin mota ya ragu ba dalili, ya isa a tsaya.

In allura ta hau a hanya, a kashe esi a sauka gefe. Idan ruwa bai zube ba, a bar motar tana aiki a hankali na 'yan mintuna. Idan tururi na fita ko ruwa na kwarara, a kashe nan take. Kar yaron mota ya taɓa murfin sai tiyo ya huce har hannu zai iya riƙe shi, domin ruwan da ke ciki ya fi tafasasshe zafi, kuma fuska yake nufa. Kar a sheƙa ruwan sanyi a injin da ya yi jawur. Kan injin Hilux samfurin 1KZ da 2KD na alminiyam ne, yana lanƙwashewa ko ya tsage, kuma 1KZ ya yi suna a kan haka.

Bayan ta huce, a nemi alamun gasket ya ƙone: kumfa na tasowa a bakin lagireto tun injin yana da sanyi, farin hayaƙi a salansa da ba ya yankewa, baƙin mai ya koma fari-fari, tiyo ya yi tauri minti kaɗan da tayarwa. Ganin ɗaya daga ciki, a daina tayar da ita. Injin dizal yana matse iska kusan ninki ashirin, ruwa kuwa ba ya matsuwa. In ruwan ya kwana a cikin silinda aka murɗa makulli da safe, kwanrod ne zai lanƙwashe, daga nan maganar ta tashi daga gasket ta koma sayen inji.