Kafin ku sayar wa ƴan gwangwan tsohuwar fitila

Lokacin yaƙin duniya na biyu, ko wutar sigari kan tona asirin jirgin ruwa da dare. Shi ya sa aka ƙera ƙwan lantarki mai baƙin fenti, aka bar ɗan gurbi inda haske kaɗan ke zuba ƙasa. Yau akwai masu tara su a Amurka da Ingila, kuma wanda fentinsa bai kankare ba ya fi daraja.

Tasawa da Mayahi ba teku, amma muna da tamu: fitilar ƙwai, wadda tocila da sola suka kora. Ƴan gwangwan kilo kawai suke aunawa. Ku fara duba tankin kananzir ɗin. In an buga Feuerhand, ƙirar Jamus ce, masu tarawa na nemanta, musamman in ƙwanta na asali ne.