Ragowar Ostenait a Fuskar Ƙarfe da Yadda Ake Auna Ta

1.0 Gabatarwa

Maƙerin Bahaushe ya daɗe da sanin cewa idan ya gasa ƙarfe ya yi jawur, ya tsoma shi cikin ruwa, zai yi tauri. Sai dai harshen maƙera bai tanadi sunan abin da ke faruwa a cikin ƙarfen ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da hanyar auna shi.

2.0 Ma'anar Ragowar Ostenait

Idan zafin ƙarfe mai sinadarin kabon kimanin kashi 0.8 cikin ɗari ya wuce digiri 727 a ma'aunin Salshiyos, ƙwayoyin zarrarsa sukan sake jeri. Wannan jerin shi ne ostenait, sunan da aka ciro daga na masanin Ingila Roberts-Austen. Sanyayawar gaggawa takan mayar da shi matensait, wato jeri mai tauri. Abin da ya ƙi juyewa shi muka kira ragowar ostenait.

Illarta ita ce takan juye daga baya, lokacin da ƙarfe ke cikin aiki, kuma juyewar tana zuwa da kumburi. Ta haka boris ko haƙorin giya, irin waɗanda bakanikan Apo a Abuja ke canzawa kullum, kan iya sauya girma ko ya tsage.

3.0 Hanyar Awo

A 1912 aka gano a Jamus cewa jerin ƙwayoyin zarra yana karkatar da hasken eksire, sannan a 1913 Bragg da ɗansa suka bayyana ƙa'idar kusurwar karkatar. Da yake jerin ostenait ya bambanta da na matensait, kowannensu da kusurwoyinsa. Mai awo yakan haska fuskar ƙarfen, ya gwada ƙarfin hasken da ya dawo daga ɓangarorin biyu, ya fitar da kason kowanne. Averbach da Cohen ne suka daidaita wannan hanya a 1948.

Hasken ba ya shiga ƙarfe fiye da 'yan maikiron, saboda haka fuska kawai yake aunawa. Wasa ƙarfen da ƙarfi kan juyar da ostenait ɗin da ke sama, awo ya fito ƙasa da gaskiya. Shi ya sa ake share fuskar da sinadari.

4.0 Kammalawa

Ana koyar da wannan fanni a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da aka kafa a Abuja a 2007, amma da Ingilishi. Aikin da ke gaban masana harshe shi ne daidaita kalmominsa, domin ilimin ya kai ga maƙeri da bakanike.